Corolla a Hanyoyin Adar: Wace Ce Ta Dace da Mu?

Ina gaida mutanen Madawa da Bangi da Sabon Gida, da na Buza da Karofan, da na Keita da Tamaske da Ibohaman, da duk wanda muryar nan ta iske a gona, ko a tasha, ko a bakin garaji. Gaisuwa ta musamman ga direbobi da makanikai. Amma wanda na fi so ya kasa kunne yau shi ne mutumin da ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, ko daga cinikin albasa, ko daga albashi, ko daga ci-rani a Abijan ko Libiya, ya ƙudura a ransa cewa bana sai ya sayi ƙaramar mota. In ya yi shawara da mutum goma, akasarinsu Corolla za su ce masa. To amma Corolla kala-kala ce, kuma tsakanin ta shekarun 1990 da ta yau akwai rata mai yawa. Yau za mu bi su zubi bayan zubi, mu duba daɗin zama, da ƙarfin inji, da shan mai, mu ga wadda ta dace da hanyoyinmu.

Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fitar da Corolla ta farko a 1966. Zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50 a duniya, zubin da ya fito a 2018 kuma shi ne na goma sha biyu. Dattawanmu sun san cewa a da Peugeot 504 ce sarauniyar hanya a ƙasar nan, wadda ake haɗawa a Kaduna ta Najeriya, mai ja da ƙafafun baya, mai tsayin ciki. Sannu a hankali motocin Japan na hannu suka riƙa shigowa ta tashar jiragen ruwan Kwatano, har suka mamaye tasoshi. Tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023 kuwa, hanyar Lome ta cikin Burkina Faso kaya suka fi biyowa, kuma kowa ya san doguwar hanya tana ƙara wa kaya tsada. Wannan ya sa zaɓen mota a yau ya fi na da nauyi, domin wanda ya yi kuskure ba nan kusa zai sake tara kuɗin wata ba.

Mu fara da tsofaffin, wato zubin 1991 da wanda ya biyo shi a 1995, wanda samfurinsa na Turai mai zagayayyun fitilu ya fito a 1997. Har gobe suna nan suna aiki a tasoshinmu, wasu an sake musu fenti sau ba adadi. Injin da ya fi suna a cikinsu shi ne 4A-FE mai lita 1.6, mai ƙarfin doki ɗari da ɗoriya. Akwai ƙarami mai lita 1.3, akwai kuma mai shan gazuwal. Abin da ya sa makanikai ke yabonsu a fili yake: inji ne marar rikici, wayoyinsa kaɗan, kayan gyaransa na hannu sun cika kasuwannin Ƙonni da Maraɗi da Sakkwato, kuma yaron garaji ma da ya shekara biyu yana koyo zai iya kwance shi ya ɗaure. Bel ne ke juya sandar bawul a wannan inji, ana son a canja shi duk kilomita 100,000 ko kusa da haka. In ya tsinke a hanya mota za ta mutu nan take, amma a 4A-FE galibi ba ya lanƙwasa bawul, sai a sa sabo a ci gaba da tafiya.

Ta fuskar zama kuwa, gaskiya tsofaffin nan matsattsu ne. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya santimita 246 da rabi ce, dogon mutum in ya zauna baya gwiwarsa na taɓa kujerar gaba. Ƙarar inji da ta hanya na shigowa ciki sosai, na'urar sanyaya iska kuma, wato kilim, a yawancinsu ta daɗe da mutuwa. Wanda ya taɓa tafiya Tawa a watan Afrilu, rana na dukan sama da digiri 40, gilashi a buɗe ƙura na shiga, ya san abin da nake nufi.

Sai dai akwai abin da ya fi zafi da matsi muhimmanci, kuma ina roƙon ku ku saurare shi da kyau. A 2017 hukumar gwajin lafiyar motoci ta ƙasar Ostareliya, ANCAP, ta haɗa Corolla ta 1998 da ta 2015 karo gaba da gaba, kowace tana gudun kilomita 64 a awa. Tsohuwar ta murƙushe har wurin zaman direba, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba. Sabuwar ta samu taurari biyar, ɗakin fasinjanta bai lotsa ba. Mu nan mukan buga jikin tsohuwar mota mu ce ƙarfen da ya fi kauri. Kaurin fatar mota ba shi ke ceton rai ba. Abin da ke ceto shi ne ƙashin da ke kewaye da fasinja, da jakar iska da ke fashewa gaban direba, da birkin ABS wanda ba ya barin taya ta ƙage tana jan ƙasa. Da yawa daga cikin Corolla na shekarun 1990 da suka iso mana ba su da waɗannan. Mai ɗaukar iyalinsa a babbar hanyar da ta ratsa Madawa, inda manyan motocin albasa da na fasinja ke wucewa dare da rana, bai kamata ya manta da wannan ba.

A 2000 aka fitar da zubi na tara a Japan, ya isa Turai da Amurka cikin shekara biyun da suka biyo baya, aka ci gaba da ƙera shi har wajajen 2007. A ganina nan ne Corolla ta yi babban tsalle. Tazarar tayoyi ta koma santimita 260, rufin ya ƙara tsawo, kujeru suka ɗaga, mutum na shiga ba sai ya durƙusa ba. An kawo sababbin injuna masu tsarin VVT-i, wanda ke daidaita lokacin buɗewar bawul gwargwadon gudun inji: mai lita 1.4 da mai 1.6 a samfurin Turai, mai 1.8 mai ƙarfin doki 130 a na Amurka. Maimakon bel, sarƙa aka sa, wadda in ana juyen mai a kan kari takan daɗe ƙwarai ba a taɓa ta ba. Ƙafafun baya kuma aka ɗora su a kan sandar ƙarfe guda. Masu son laushin tafiya a Turai ba su yi murna da hakan ba, amma a wurinmu alheri ne, domin robobi da gaɓoɓin da za su ci a kan duwatsun Buza sun ragu.

Wannan zubi yana da aibinsa, kuma dole in faɗa. Injunan shekarun farko, kafin 2005, an san wasunsu da shan baƙin mai, saboda ƙananan hudojin da mai ke komawa ta cikinsu a jikin fistin sukan toshe. In za ka saya, ka zo da sassafe inji na sanyi, ka sa a tayar a gabanka, ka tsaya bayan motar ka duba hayaƙi. Shuɗin hayaƙi alama ce. Ka buɗe murfin mai ka leƙa. In ka ga baƙin dasƙararren datti, mai motar bai kula da juye ba.

Zubi na goma, na 2006 zuwa 2013, ɗan'uwan na tara ne da ya ƙara faɗi da ƙiba. Tazarar tayoyi ba ta canja ba, amma ciki ya fi shiru, sitiyarin na lantarki ne mai laushi, injin 2ZR mai lita 1.8 kuma yana ba da ƙarfin doki 132. Abin lura ɗaya: wasu samfuran Turai na wannan lokaci suna da wata giya da ake kira MultiMode, wadda giyar hannu ce amma na'ura ke taka mata kuloci. Ta ba mutane wahala a can inda aka yi ta, balle a nan. In ka ga mota ba ta da fedar kuloci amma tana fizga duk lokacin da za ta canja giya, ka tambaya da kyau kafin ka biya.

Daga 2013 sai aka shiga wani zamani. Tazarar tayoyi ta kai santimita 270, ma'ana an samu ƙarin sama da santimita 23 a kan ta shekarun 1990, kuma kujerar baya ce ta fi cin moriyar ƙarin. Dattijo zai zauna da babbar rigarsa ya miƙe ƙafa. Jakunkunan iska sun yawaita, akwai na'urar da ke hana mota juyawa in ta zame. Yawancin masu canja giya da kansu suna ɗauke da giyar CVT, wadda ba ta da hawa-hawa irin na da: ɗamarar ƙarfe ce ke gudana tsakanin ƙafafu biyu masu buɗewa da tsukewa. A kan kwalta tafiyarta sumul, kuma tana rage shan mai. Amma tana da sharuɗɗa. Man giyarta na musamman ne, in aka zuba mata irin na tsohuwar otomatik za ta lalace. Ba ta son a maƙale a yashi ana ta taka totur taya na juyawa, domin zafi ke kashe ta. In ta lalace kuwa, yawanci sai dai a nemo wata a ɗora. Zubin 2018 ya zo da samfuri mai haɗa fetur da batirin lantarki, ya fi duk na baya laushi da shiru, sai dai cikinsa ya ƙara kusantar ƙasa, wajen santimita 13, alhali na baya suna kusan 15.

Ku dubi wannan batu na tsayin ciki, ku tuna irin ƙasar da muke ciki. Adar ƙasar tudu da kwari ce. Daga kwarin Tarka zuwa na Magiya har kwarin Keita, da zarar ka sauka daga babbar hanya za ka nufi ƙauye, tsakuwa ce da duwatsu da hawa da gangara, da damina kuma ƙoramu su yanke hanya su bar yashi da zaizaya. Santimita biyu a nan su ne bambancin wucewa lafiya da fasa kaskon man inji. Kuma wancan awo na mota ne ba kowa a ciki. Ka zuba mutum biyar da buhun hatsi biyu a but, sai ka ga bayanta ya zauna. Kowace Corolla ka saya, in ƙauye za ka riƙa shiga da ita, ka sa maƙeri ya yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, ka kuma kula da shokazoba. Ruwan ƙorama kuwa, in yana gudu, kada ka gwada shi da ƙaramar mota ko wace iri ce. Ka jira ya janye.

Yanzu mu zo kan mai, wanda na san shi ne ya fi damun kowa. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, ƙasarmu ke tace nata fetur. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, ruwa-ruwa, wato man da ake shigowa da shi ta iyaka, ya daina araha kamar da, jama'a suka koma gidajen mai. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Don sauƙin lissafi mu ɗauke shi dala ɗari, wato sefa ɗari biyar.

Mutane da dama suna zaton kowane sabon zubi yana rage shan mai sosai. Alƙaluman ba su nuna haka ba. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Corolla ta 2005 mai lita 1.8 da giyar otomatik tana shan kusan lita 8 a kilomita 100, in an haɗa tafiyar gari da ta doguwar hanya. Mai giyar hannu ta shekarar tana ƙasa da haka kaɗan, wajen lita 7 da rabi. Ta 2014 mai CVT ita ma wajen lita 7 da rabi take. Me ya sa ratar ba ta da yawa, alhali injiniyoyi sun yi shekaru suna gyara inji? Saboda motar ta yi ta ƙara nauyi. Ta shekarun 1990 tan ɗaya ce da ɗan kai. Ta 2014 ta kusa kilo 1,300. Abin da aka samu a inji, ƙarin ƙarfe da faɗi da kayan kariya sun cinye rabinsa. Haka ma ƙarfin ja: doki 130 a 2003, doki 132 bayan shekara goma. Wanda ya sauka daga ta 2005 ya hau ta 2014 zai ji daɗin zama, amma a hawan dutse da kaya ba zai ji wani ƙarin ƙarfi ba.

Inda aka samu canji na gaske shi ne mai haɗa fetur da lantarki, wadda a wancan ma'auni take shan lita 4 da rabi kacal. Mu yi lissafi tare. A ce mutum yana tafiyar kilomita 15,000 a shekara. Bambancin rabin lita a kowane kilomita 100 zai ba shi lita 75 a shekara, kuɗinsu bai kai jika 40 ba. Wannan ba zai biya ratar kuɗin saye tsakanin ta 2005 da ta 2014 ba, ko da an shekara goma. Mai lantarkin kuwa, in aka kwatanta ta da ta 2005 mai otomatik, za ta rage masa sama da lita 500, wato sama da jika 250 a shekara. Kuɗi ne mai kauri. Amma babban batirinta ba ya son zafi, iskar cikin mota ke sanyaya shi ta wata kafa da ƙurar hunturu ke iya toshewa, kuma ranar da ya gaza ana bukatar mai gyara da ke da na'urar gwaji da ilmin abin. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Madawa da Maraɗi ko Yamai a kan kwalta, wanda ke da inda zai kai ta, zai more ta. Mutumin Garhanga ko Tabotaki sai ya yi tunani sau biyu.

Waɗancan alƙaluma fa na mota mai lafiya ne a kan hanya mai kyau. A nan wurinmu, abin da ke sa Corolla shan mai ya fi alaƙa da yadda aka riƙe ta fiye da shekarar da aka ƙera ta. Za ka ga motoci biyu zubi ɗaya, wannan na shan lita 8, waccan na shan 12.

Na farkon masu laifi shi ne cire tamostat. Al'ada ce a garajojinmu: mota na isowa sai a ce an yi ta don ƙasar sanyi, a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Makanikai ƴan'uwana, ku yi haƙuri, wannan kuskure ne a injin da kwamfuta ke sarrafawa. An tsara shi ya yi aiki a zafin da ya haura digiri 80. In ruwansa bai kai haka ba, musamman da asubahin hunturu, kwamfuta na ɗauka inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Mai ya tafi a banza, inji kuma ya ci da wuri. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba famfon ruwa da murfi da fanka, a bar tamostat a wurinsa.

Sai matatar iska. Littafin mota an rubuta shi ne ba tare da sanin ƙurar Adar ba. A duba ta duk lokacin juye, a canja in ta toshe, kada a huda ta, kada kuma a yi tafiya babu ita, domin ƙurar da ta shiga inji kamar yashi ce a ido. Daga zubin 2000 zuwa sama akwai ɗan ma'aunin iska bayan matatar. In ya yi datti, shan mai ya tashi. Fulogi da suka tsufa, da taya marar isasshiyar iska, da kaya a kan rufi, da gudun da ya wuce kilomita 90 ko 100 a awa, kowanne na ɗibar rabonsa daga tanki. Fitilar gargaɗin inji in ta kama, a kai a karanta abin da take faɗa. Liƙe ta da baƙin salatif ba ya warkar da komai.

Man kwalba na bakin hanya kuma, tsohon inji mai kafireta yakan haƙura da shi. Inji mai injekta ba ya haƙura. Ruwa ko datti kaɗan ya isa ya kashe famfon mai da ke cikin tanki ko ya toshe injekta. In dole ta sa ka saya a ƙauye, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Kuma kada ka saba tafiya tanki na ƙasa-ƙasa, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Ga hanyar da kowa zai san gaskiyar motarsa ba tare da jin ta bakin dillali ba. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar kilomita. Ka yi harkokinka. In ka dawo, ka sake cikawa a wannan famfon, ka rubuta litar da ta shiga. Ka raba litar da kilomitan da ka yi, ka ninka sau 100. Misali, lita 32 a kilomita 400, lita 8 ke nan. In motar daga Amurka ta zo, mai yiwuwa agogonta mil yake ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 kafin ka yi lissafi. Corolla mai fetur da ke wuce lita 10 a doguwar tafiya kan kwalta tana da ciwo, a nemi inda yake.

To wace zan ba da shawara? Ga magidancin da zai ɗauki iyali, yana hawa kwalta yana kuma shiga ƙauye, ni a wurina zubi na tara daga 2005 zuwa sama, ko na goma, mai giyar hannu ko tsohuwar otomatik mai hawa huɗu, ita ce ta fi dacewa da Madawa da Buza da Keita. Tana da sarari, tana da jakar iska, shan manta bai fi na sababbi masu fetur zalla da wani abin kirki ba, kayan gyaranta suna kusa, makanikanmu kuma sun san ta. Ta shekarun 1990 ta yi wa ƙasar nan aiki, amma ba zan ce wa kowa ya zuba tarin guminsa a cikinta yau ba, saboda maganar haɗarin da na yi ɗazu. Ta 2013 zuwa sama mota ce mai kyau ga wanda tafiyarsa ta kwalta ce kuma zai iya sayen man giyarta na asali.

Ranar saye, ka tafi da bakaniken da ka amince da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, ko an taɓa yi wa ƙashinta walda. Ka murɗa makulli ka ga fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu, domin motoci da dama da ke zuwa daga waje sun taɓa haɗari an gyara. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba tsatsa ko laka. Ka tabbatar takardun duwan da lambar jikin mota sun yi daidai. Kuma ka ware wani abu daga cikin kuɗin don tayoyi da juye da birki, kada ka kashe su duka a kan saye.

Direbobi, ina roƙonku a wannan makon ku gwada lissafin cika tankin nan, ku aiko mana da abin da kuka samu tare da shekarar motarku da hanyar da kuke bi, mu karanta a shiri na gaba kowa ya ƙaru. A ɗaura bel kafin a tashi, gaba da baya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.